Ranar Da Na Yi Wa Hanjin Akuya Faci

Shekarun baya, lokacin da nake iya mirgina tayar tirela ni kaɗai ba tare da na tsaya na dafa ƙugu ba, cikina ya soma yi mini tawaye. Waɗanda suka daɗe da ni a wannan shafi sun san sana'ata: faci nake yi a bakin titi, kusa da tashar Kawo, tun ba a haifi yawancinku ba. Boko kuwa na yi shi mai zurfi, don sai da na kai aji uku na firamare kafin ni da hukumar makaranta muka fahimci cewa ba za mu ƙaru da juna ba. Saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri, ya kai ƙara wajen malaminmu na aji uku, in ya same shi da rai.

Abin ya fara kamar wasa. In na shiga ban-ɗaki sai in daɗe kamar wanda aka ba haya, in na tashi kuma in ga jini. Na ce basir ne. Ai duk mutumin Hayin Banki da ya fara furfura, in ka tambaye shi abin da ke damunsa, basir ne. Ko ƙafa ya gurɗe sai ya ce basir ne ya sauka can. Na sha jiƙo, na sha gari a kunu, na sha wani baƙin ruwa na cikin jarka wanda mai shi ya rantse mini ko mota aka zuba wa sai ta warke. Ban warke ba. Tazugen wandona ya fara yin saura, maiɗakina ta fara kallona ta gefen ido in ina cin tuwo.

Ita ce ta kai ƙarata wajen 'yata ta fari, wadda ke aure a Badarawa, tana kuma aikin gwamnati. 'Yar tawa ta zo da yamma, ta gaishe ni cikin ladabi, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Baba, gobe asibiti." Ba shawara ta kawo ba, sanarwa ce irin ta ofis.

A asibiti aka yi ta aune-aune, daga ƙarshe aka zura mini wata doguwar igiya mai kamara ta wata hanya da ba zan ambata ba, saboda akwai mata da yara a shafin nan. Sakamako ya fito: wani tsiro ne a ƙasan babban hanji, yana girma, yana matse hanya. Aka tura ni wajen likitar fiɗa. Mace ce, ba ta fi 'yata shekaru ba, da Hausarta ta Zazzagawa da ɗan gilashinta. Ta ce, "Baba, dole a yanke wannan yanki a fitar, a haɗa sauran. In aka yi da wuri, muna sa ran alheri. In aka bar shi, wata rana zai toshe hanyar gaba ɗaya."

A nan zan ɗan aje wasa, don ku gane abin da ya sa na yi taurin kan da na yi. Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya koya mini faci. Shekaru da yawa kafin nan aka yi masa aikin hanji, aka tsaga shi daga ƙirji har mara. Ya farfaɗo lafiya, har yana tsokanar masu jinya. Bayan 'yan kwanaki ciki ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Aka ce wajen da aka haɗa ne ya yi yoyo a ciki. Kafin a sake buɗe shi ya riga mu gidan gaskiya. Ban zargi kowa ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma tun daga ranar na ɗau alwashi: ba mai sa mini wuƙa a ciki sai na san yadda za a rufe abin da aka buɗe.

Saboda haka na gyara zama, na ce, "Likita, kafin mu kai ga sa rana, ina da 'yan tambayoyi na fasaha."

'Yata ta rufe fuska da mayafi. Likita ta ce, "Bismillah, Baba."

Ta yi mini bayani cewa yanzu ba sai an tsaga mutum kamar ragon layya ba. Ƙananan ƙofofi za a huda a ciki, a hura iska cikin ya tashi, a zura kamara ta ɗaya, a zura dogayen kayan aiki ta sauran, ita kuma tana kallon talabijin tana aiki. Na ce, "Wato za a ba ni iska." Ta ce haka ne. Na ce, "To ku lura da geji, don ni tsohuwar taya ce."

Sannan na tambayi abin da ke cina. Na ce, "Hannunki yana waje, wuƙa tana ciki. In jini ya ɓalle, da me za ki tare?"

Ta ɗauko wayarta ta nuna mini hotunan wasu abubuwa biyu, kowanne kamar filaya mai dogon wuya da ɗan ƙaramin baki. Ta ce na farko yana cafke wuri da bakinsa, wutar lantarki ta ratsa tsakanin leɓɓansa biyu, wurin ya narke ya manne, inji ya yi ƙara alamar ya kama, sannan wata 'yar reza ta fito daga ciki ta yanke. Na biyu kuma leɓensa ɗaya ne ke karkarwa, da saurin da ido ba ya gani, wannan karkarwar ce ke yankewa tana liƙewa a lokaci guda. Ta ce na farko an fi sakin jiki da shi a wuri mai kauri, na biyu kuma ya fi daɗin aiki a lungu, ga ƙarancin hayaƙi mai rufe kamara.

Jama'a, tana cikin magana na ji zuciyata ta yi fari. Ashe ilimin da ake ta zuwa ƙasar waje nema, a gaban benci na yake. Ku da ba ku sani ba, faci iri biyu ne. Akwai facin sanyi: a goge tib, wato robar nan ta cikin taya, a shafa sholisho, wato gam ɗin faci, a manna, a sallami mutum da addu'a. Akwai kuma facin wuta: a ɗora ɗanyar roba, a matse da ƙarfe, a zuba kalanzir a cikin tsohon fistin na injin mota a kunna, roba ta narke ta zama jiki ɗaya. Facin sanyi na mai sauri ne. Facin wuta shi ne na mai tafiya Birnin Gwari da kaya.

Na ce, "Likita, na gane sarai. Mai wutar nan shi ne facin wuta. Mai karkarwa facin sanyi ne. Ni a yi mini da mai wuta."

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ba haka abin yake ba. Kuma ni nake zaɓa in na shiga na ga yadda wurin yake."

Na ce, "Cikin wa za a shiga?"

Ta ce, "Naka."

Na ce, "To mai ciki ya zaɓa."

Ta buɗe baki za ta ƙara bayani, amma ni na riga na miƙe, don a ganina an gama darasi, ni ne ma na ba da shi. Na ce zan je in yi nazari.

Da la'asar na kai maganar majalisa, wato bencin da ke gefen injin ba da iskata. A nan abokina yake zama, tsohon akawu ne da ya yi ritaya daga wata ma'aikata, muna kiransa Babban Sakatare, shi kuma yana kirana Injiniya. Tun muna samari ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan ganin wata. Yana jin na zaɓi mai wuta ya ce, "Injiniya, ƙauyanci ke damunka. Duniya ta ci gaba. Wa ke sa wuta a cikin mutum? Mai karkarwa shi ne na zamani."

Na ce, "Kai da ko fitilar ƙwai ba ka iya kunnawa, me ka sani game da wuta?"

Ya ce, "Na san in aka ɗauke ta ana tsakiyar aiki, sai a bar ka a buɗe a tafi neman mai."

Na ce, "Shi naka mai karkarwar da me yake karkarwa? Da zazzaɓi?"

Kafin mako ya zagayo majalisa ta rabu biyu. Direbobi suna bayana, 'yan fansho suna bayan Babban Sakatare. Mai shayi ya ce shi ɗan ba-ruwanmu ne, saboda kowane ɓangare na shan shayinsa. Ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu, amma in ka ji yadda ake rantsuwa sai ka ɗauka a gidajenmu ake ƙera su.

Da gardama ta ƙi ƙarewa na ce ni ba mutumin surutu ba ne, mutumin gwaji ne. Wata safiya na tafi Unguwar Shanu wajen wani mahauci na ce ya ba ni hanjin akuya, ɗanye, dogo, kada ya yayyanka. Ya ce, "Farfesu za a yi, Baba?" Na ce, "Bincike." Ya dube ni, ya ƙara mini da ɗan tumbi, wai ko binciken zai buƙata.

Na dawo wurin aiki, majalisa ta kewaye ni. Na wanke hanjin nan, na raba shi biyu da reza, na ɗora baki a kan baki kamar yadda nake yi wa tib. Muka fara da ɓangaren abokan hamayya, don a yi adalci. Abin da ke karkarwa a duk layinmu shi ne kilifar mai aski, saboda haka ita na aro. Na kunna, na danna a kan hanji. Hanji ya yi ta rawa, kilifa ta yi ta kuka, ba abin da ya yanke, ba abin da ya manne. Direbobi suka yi shewa. Babban Sakatare ya ce kilifar ce tsohuwa.

Sannan aka zo kan nawa. Na sa hanjin a matsi, na ɗaure, na ɗora fistin, na zuba kalanzir, na ƙyasta ashana da bismillah. Ba a jima ba wani ƙamshi ya tashi. Wani ɗan acaɓa ya taka birki ya ce, "A nan ake balangu?" Da wuta ta mutu na kwance ƙarfe a gaban shaidu. Jama'a, hanji ya ƙanƙance, ya yi baƙi, rabi ya manne a jikin ƙarfe, rabin da ya saura ina taɓawa ya rabu. Babban Sakatare ya sunkuya, ya tsinci wani ɗan gefe da bai ƙone ba, ya jefa a baki, ya tauna a hankali, ya ce, "Injiniya, aikinka ya yi kyau. Gishiri kawai ya rasa."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma a raina ba dariya nake ba. Na dubi baƙin abin nan a jikin ƙarfe na ce, wato haka nawa zai koma. Da ina tsoron ɗaya, yanzu na koma tsoron duka biyun. Na yanke hukunci: ba mai wuta, ba mai karkarwa, ba aiki.

Cikina kuwa bai halarci zaman majalisa ba, bai san an yanke hukunci ba. Ya ci gaba da abin da yake yi. Wata safiya na tashi ciki ya yi tam kamar ganga, murɗa tana zuwa tana tafiya, na kasa fita ko masallaci. Zuwa hantsi abin ya lafa, amma maiɗakina ta riga ta buga waya. 'Yata ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Labarin akuya ya riga ya kai Badarawa. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, kana can kana gasa hanjin akuya, naka yana toshewa. So kake a kwashe ka ranga-ranga a yi aikin da ba ka zaɓi komai a ciki ba?" Tana faɗa hawaye na zuba.

Maiɗakina daga bakin ƙofa ta ce, "Ƙyale shi. Ai shi Injiniya ne."

Wannan ta fi hawayen zafi. Na ce a samo keke, zan koma. Amma na gaya musu gaskiya: zan koma ne da sakamakon bincikena, in likita ba ta gamsar da ni ba, da ƙafata zan dawo.

Da muka shiga na zauna na ce, "Likita, na yi gwaji. Ina baƙin cikin sanar da ke cewa hanji ba ya karɓar faci." Na kwashe labari tun daga mahauci har zuwa gishiri na faɗa mata. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Ta cije leɓe, ta dubi silin. Da na zo wajen kilifa ta cire gilashi ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa.

Da ta dawo hayyacinta ta share ido ta ce, "Baba, yau ba za ka tashi ba sai na kai aya. Ka yi kuskure biyu. Na farko, babu facin sanyi a cikinsu. Dukansu da zafi suke aiki. Mai karkarwar nan da ka raina, bakinsa har ya fi ɗaukar zafi, kuma yana jimawa bai huce ba, shi ya sa in na gama yanka da shi nake kiyaye kada ya taɓa hanji."

Na ce, "Wato Babban Sakatare ma wuta yake goyon baya bai sani ba."

Ta ce, "Wannan tsakaninku ne. Na biyu, ba da su ake haɗa hanji ba. Hanji yana rataye ne a jikin wani tantani mai kitse, jijiyoyin jini suna bi ta ciki. Kafin in cire yankin da ya lalace, sai na raba shi da tantanin. Waɗannan jijiyoyin ne ake liƙewa da kayan nan a yanke, don kada jini ya zuba. Shi hanjin kansa ba a gasa shi."

Na ji kunya ta sauko mini tun daga hula. Mako da makonni ina raba kan al'umma a kan abin da ba shi ne ba. Amma tsoho ba ya faɗuwa gaba ɗaya a gaban yara. Na ce, "To da me ake haɗa shi?"

Ta ce, "Wani lokaci da zare. A irin naka, da wani inji mai ɗinke baki biyu da ƙananan filoli, jere a zagaye."

'Yata ta ce a hankali, "Kamar sitefula, Baba."

Na ce, "Sitefula? Ta ofis? Wadda kuke danne takarda da ita, takardar ta ɓace kafin wata ya ƙare?"

Likita ta ce ba irinta ba ce, amma dangi ne.

Daga nan wasa ya fita daga bakina. Na ce, "Likita, bari in gaya miki abin da ya kawo duk wannan hauka." Na ba ta labarin yayana. Na ce, "Shi ma an haɗa, an rufe, an ce an gama. Ni ba wuta ce ta dame ni ba, ba karkarwa ba. Ni a wajen aikina, ko gwamna ne ya kawo taya, ba na mayar da tib sai na ba shi iska na tsoma shi a bahon ruwa na juya shi ko'ina. In ya yi ɓul-ɓul, aiki bai yi ba, a sake. Ku kuwa kun haɗa, kun rufe mutum. Ta yaya kuka san ba ya yoyo?"

Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta mayar da gilashinta ta ce, "Allah ya jiƙansa. Baba, mu ma muna tsomawa a ruwa."

Na ce, "Kada ki yi wa tsoho ba'a."

Ta ce, "Wallahi. In na gama haɗawa, kafin in fito, sai in zuba ruwa mai tsabta a cikin har ya rufe wajen haɗin. In matse hanjin ta sama. Sannan a hura iska ta ƙasa. Ni kuma in zuba ido a talabijin. In na ga ɓul-ɓul, ban gama ba, sai in ƙara ɗinki ko in sake haɗin. In ruwa ya kwanta shiru, sannan in janye shi in rufe."

Ta ƙara da cewa, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Ko an yi haka, wani lokaci yoyo kan zo daga baya, don nama ne, sai ya warke da kansa. Shi ya sa za mu riƙe ka a nan muna dubawa safe da yamma, in mun ga alama ba za mu jira ba."

Wannan maganar ce ta gama da ni. Da ta ce mini ba ya taɓa yoyo, da na tashi na tafi, don na san mai faɗin haka bai taɓa riƙe tib ba. Na ce, "Likita, sa rana. Kuma na yafe miki zaɓin kayan aiki, ki ɗauki wanda hannunki ya fi so."

Ta ce, "Na gode da wannan izini, Baba."

Ranar aiki da safe aka tura ni a gado mai taya, ɗaya daga cikin tayoyin tana ƙara, na ce a kawo mini ita in na warke. Abin da na sani na ƙarshe shi ne na kama hannun rigar likita na ce, "Kada ki manta da baho." Ta ce, "Ruwa na nan a ajiye." Sai na farka na ga fanka tana juyawa, maiɗakina a gefe da carbi, 'yata tana tsaye. Na lalubi cikina. 'Yan filasta ne nan da can, da wata 'yar tsaga a ƙasa inda aka zaro yankin da aka yanke. Da likita ta leƙo, tun kafin in buɗe baki ta ce, "Ko ɓul ɗaya babu."

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu nauyi, don a irinsu yayana ya tafi. Duk wanda ya taɓa goshina sai in kafe shi da ido. Kowace safiya likita za ta zo da ɗalibanta a bayanta, ta danna cikina, ta tambaye ni a gaban kowa, "Baba, iska ta fita?" Wai fitar iska ta ƙasa ita ce alamar hanji ya farka ya kama aiki. Ni da girmana, da furfurata, ana tambayata wannan a gaban 'yan mata masu rubutu. In ce, "Tukuna." Su rubuta. Ranar da abin ya zo kuwa, bai zo a ɓoye ba. Mutumin gadon kusa da ni ya ce, "Alhamdu lillahi!" Maiɗakina, wadda ta yi shekaru tana korata tsakar gida saboda wannan laifin, ita ce ta fita da sauri ta kira nas, kamar an yi haihuwa.

Zazzaɓi bai zo ba. Ciki bai kumbura ba. Aka fara ba ni ruwa, aka koma kunu, aka sallame ni. Abin da aka cire aka auna, aka ce an same shi bai yi nisa ba, amma na ci gaba da zuwa ana dubawa. Ranar sallama na tambayi likita, saboda al'umma na jira, da wanne ta yi. Ta ce da mai karkarwa ta yi yawancin aikin, da ta zo babbar jijiya kuma ta sa mata 'yan maƙallai ta danne kafin ta yanke. Da na kai rahoto majalisa Babban Sakatare ya miƙe tsaye yana karɓar gaisuwa. Na ce ya zauna, babbar jijiya ba nasa ne ya riƙe ta ba, kuma nasan ma ɗan wuta ne da ya sauya suna. Har yau ba a rufe wannan shari'a ba.

Da na zauna daga baya na yi tunani, ban ga laifina a yin tambaya ba, kuma ko gobe za a taɓa ni sai na tambaya. Cikinka ne, ba na gwamnati ba. Inda na kusa halaka kaina shi ne na tambaya, aka fara ba ni amsa, na tashi a tsakiya saboda na ji abin ya yi kama da wanda na sani. Kama kuwa ba ita ce shi ba. Kayan aikin nan biyu kowanne da inda ya fi, kuma wadda ta yi shekaru tana riƙe su ta fi bencin Kawo sanin inda za ta sa kowanne. Tambayar da ke raina tun farko guda ɗaya ce, na ɓoye ta a bayan gardama saboda faɗinta na nufin in ce ina jin tsoro. Ranar da na faɗe ta, a zama ɗaya aka amsa mini.

Abin da ya sa na tuno da wannan labari yau, Babban Sakatare ne. Kwanan nan na lura rigarsa ta fara yi masa yawa, kuma in ya shiga ban-ɗakin masallaci sai an tayar da iƙama bai fito ba. Na tsare shi na tambaya, ya ce ba komai, zafi ne, ya sa a kawo masa jiƙo daga ƙauye. Na ce ya sha jiƙonsa lafiya, amma na riga na yi magana da mai keke, na kuma gaya wa matarsa ta ɓoye takalman da yake gudu da su. Ya ce, "Injiniya, ni fa ba na son a zura mini igiyar nan." Na ce, "Ni ma ban so ba. Ka sa wando mai sauƙin kwancewa, da sassafe ina ƙofar gidanka."